Bazarar da Yaya Sanusi Ya Yayyanka Littafina

Jiya da hantsi ina tsugune a gindin rudu, ma'ajiyar albasarmu, ina ware ruɓaɓɓiyar albasa, warin nan nata mai shiga ido ya buge ni, sai na ji kamar an ce gobe jarrabawa. Hutu na zo yi gida Jandutsi, ina aji huɗu a karatun lauya, ba wanda ke bi na da wata tambaya. Baba na zaune ƙarƙashin darbejiya yana ta ba da umarnin da ba mai bi, Inna na daka a ciki. Amma hancin mutum bai san an wuce wuri ba. Bana azumi ya riga cirar albasa, mun yi shi da sauran sanyi, har wasu na cewa ba su ji shi ba. Waccan shekarar kuwa tare suka zo, azumi da bazara da cirar albasa da jarrabawata ta biyu, kowanne na neman raina.

Bari in faɗi gaskiya tun yanzu: ni matsoraci ne. Mutane suna zaton son gaskiya ne ya kai ni karatun shari'a. To, akwai wannan, don tun ina ƙarami Inna ke kira na lauya saboda musu. Amma abin da ya zaunar da ni kan littafi a bazarar nan tsoron mota ne.

Gidanmu albasa muke ci, albasa muke sha. In an cire ta akan jibge ta a rudu, wato gadon kara da ake ɗagawa sama da ƙasa a lulluɓe da ciyawa, sai ta yi daraja a loda ta a Aliero a yi kudu da ita. Wanda ya sayar wa dillalai a nan, wahalarsa ya ba su kyauta. Don haka kowane gida yakan tura mutum guda ya bi kayansa, a saman buhuna, kwana biyu ko uku ana tafiya. Namu mutumin shi ne yayana Sanusi. Shekara bakwai yana wannan hanya, har ranar da motarsu ta kife a wata gangara can bayan Kwantagora. Mutum biyu ba su tashi ba. Shi an dawo mana da shi a kwance, ƙafarsa ta dama ba ta sake ɗaukarsa ba sai da sanda. Mu biyu ne maza a wurin Baba. Ni kuwa ko Maiyama ban taɓa wucewa ba.

A shekarar da abin ya faru na zauna jarrabawar shiga jami'a karon farko, na kwaso maki ɗari da saba'in da takwas. Lauya kuma ana neman ɗari biyu da hamsin kafin ma a dube ka. Baba bai yi faɗa ba, da ma ba mai yawan magana ba ne. Albasar shekarar ya ba dillalai, ya haɗiye takaicinsa. Sai da aka yi dashen sabuwa ya kira ni bakin rijiyar fadama ya ce:

"Bashiru, sau guda ya rage maka. In ka samu makin, ka tahi karatunka, ba ni hana ka. In ba ka samu ba, mota na jiran ka. Ba mu ƙara ba dillalai."

Na ce to. Me zan ce? 

Yadda na faɗi ta farko shi ne abin kunyar. Ni mai hadda ne. Na sauke Alƙur'ani da wuri, na haddace izu ashirin, garinmu kowa ya san kan Bashiru ba ya zubar da abu. Da na sayo littafin tambayoyin shekarun baya, sai na yi masa abin da na iya. Na zauna na tanƙwashe ƙafa, ina rangaji gaba da baya, ina rerawa da ƙarfi: tambaya ta goma sha bakwai, amsa C, ta goma sha takwas, amsa A. Shekara goma na tambayoyi na zuba a kaina a jere, in ka ja mini bakin ɗaya sai in kai ka ƙarshen shafi ba tuntuɓe. Maƙwabta na wucewa suna cewa tabarkalla. Ba wanda ya ce mini ba haka ake yi ba, don duk wanda ke kusa da ni haka ya san karatu.

Da na shiga ɗakin jarrabawa a Jega, kwamfuta ta watso mini tambayoyi ba kai ba gindi. Wadda na sani a ta bakwai ta fito a ta talatin, amsar da na sani a C ta koma B, wasu kuma ban taɓa ganinsu ba. Na fara rangaji ina gunguni ko zan kamo bakin zaren. Wata mata mai sa ido ta zo ta ƙwanƙwasa teburina, ta ce in ta sake jin bakina waje zan yi. Na rufe baki. Ina rufewa kaina ya zama fanko, wallahi ko sunan ƙauyenmu aka tambaye ni a lokacin sai na yi tunani.

To, ka san abin da na yi da aka ba ni dama ta biyu? Na sake ɗauko littafin nan na ci gaba da rerawa. Cewa na yi bara haddar ce ba ta nuna ba.

Aka ga wata, aka ɗauki azumi, albasa ta kwantar da ganye, aka shiga cira. Zafin shekarar nan ban ga irinsa ba. Tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa. Iska in ta taso kamar daga bakin murhu take. Mukan fita da an sallame asuba, mu da mutanen gidan kawuna da maƙwabta, yau gonarmu gobe tasu, a cira, a yanke ganye, a baza ta sha iska. Kafin azahar kowa ya jiƙa rawaninsa ya ɗora a ka, ba mai magana da wani. Baba ya yafe mini aikin bayan azahar don in yi karatu. Nakan zauna a rumfar ƙofar gida inda Yaya Sanusi ke wuni, shi da sandarsa, yana ɗinke tsofaffin buhuna.

Kwana uku yana saurarena. A na huɗu ya miƙo hannu ya ce in ba shi littafin ya gani. Shi a aji uku na sakandare ya tsaya, don haka na ba shi ina murmushin raini. Na shiga cikin gida in watsa ruwa a jiki. Da na fito na tarar da shi da reza a hannu, ya yage shafi biyar, yana yanka su siri-siri, kowace tambaya daban.

Na yi kansa. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, ni da ban taɓa yi masa tsawa ba. Na ce masa mugu, na ce don shi ya nakasa yake so ni ma in hau motar in dawo kamarsa. Eh, na faɗi haka, da azumi a bakina, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Inna ta leƙo tana salati, don a wurinta takarda mai rubutu ba abin sa wa reza ba ce.

Bai ko ɗago ba. Ya gama yanka wadda ke hannunsa, sannan ya ce:

"Can kudu, mai saye ba ya duba bakin buhu. Ya san mun jera manya a sama. Juye shi yake yi ƙasa, ya zazzage, ya ɗauki wadda hannunsa ya kai. Kai bakin buhu ka iya, Bashiru. Su ko sun zazzage ka."

Na yi tsaye ina huci.

Kwana biyu ya yi yana wannan yanka. Da yake kowane shafi gaba da baya ne, sai da ya sa na kwafe na bayan a wasu takardu, su ma ya yanka. Ya goge lambobin, ya bi haruffan A da B da C da D ya shafe da baƙin biro, a bayan kowane yanki ya kwafi amsar da kalmominta. Ya zuba duka a wani tsohon buhun albasa ya girgiza. Ga dokokinsa: shi zai zaro, ni in karanta a zuci, ba motsa leɓe, ba rangaji, in nuna amsa da yatsa. In na dace, sai in gaya masa da Hausa dalilin da ya sa ita ce, ba sauran ba. In na kasa faɗin dalili, ko da na dace, takardar ta koma buhu. Wadda na ci da dalilinta ita ke shiga ƙwarya.

Ranar farko takarda sittin ya zaro, tara suka shiga ƙwarya. Tara, su ma yawanci na darasin addini ne. Na nazarin gwamnati da adabi da Ingilishi sai in nuna daidai don idona ya saba da kalmar, ya ce don me, in hau kame-kame. Shi bai san amsar don me ɗin ba, amma ya san fuskar mai kame-kame, ya yi ciniki da irinsu shekara bakwai. Sai ya ce, "Ƙarya kake," ya jefa ta buhu. Na tsani kalmar nan.

Dole ta sa na je Jega wurin wani tsohon malaminmu na sakandare na aro littattafan darussan kansu, waɗanda bara ban ko buɗe ba. Sai ga shi ina neman dalili kamar mai neman allura. Rufe bakin kuwa azumi ne ya koya mini, ba Yaya ba. Bayan la'asar harshena yakan manne da dasashi, miyau ya ƙafe, ko na so rerawa ba hali. A wannan lokacin, da yunwa ta daina ciwo ta koma jiri, na fara jin kalmomi suna tsayawa a kaina ba tare da na furta su ba. Da fari tsoro abin ya ba ni, na zaci haddata ce ke zubewa. Na je na yi tilawar izu guda a masallaci don in tabbatar tana nan. Tana nan.

Duk ranar kasuwar Jega nakan bi masu kai kaya in shiga wani shago mai kwamfutoci inda ake gwajin jarrabawar. Makon farko na samu ɗari da casa'in da ɗaya. Na biyu ɗari biyu da goma sha huɗu, na dawo ina tafiya kamar na ci gari. Na uku na sauko ɗari biyu da biyu. Ranar a hanyar dawowa wata motar albasa ta wuce mu ta nufi Maiyama, ta yi lodi har ta karkata, mutane biyar a sama sun naɗe fuska suna riƙe da igiya. Na bi ta da kallo har ta ɓace. Da na iso gida na zauna gaban buhun, sai haɓo ya ɓalle mini, jini ya ɗiga kan takardu uku. Inna ta ce in karya azumin, na ƙi. Ba ƙarfin imani ba ne, gani nake in na sha ruwa Allah zai bar ni da motar.

A ranar ne kaɗai Yaya ya ba ni labarin faɗuwarsu, ban tambaye shi ba. Ya ce faɗuwar kanta ba komai ba ce, kafin ka ce me an gama. Abin shi ne jira. Tun hantsi har rana ta karkata yana danne ƙarƙashin buhuna, albasa ta fashe tana zubo masa ruwa a ido da baki, yana jin wani mutumin Katanga na kiran sunan 'yarsa har ya daina. Shi ya sa Inna ke yi masa miya daban, ba ya iya cin albasa. Ya faɗi wannan yana kallon buhun da yake ɗinki, sannan ya zaro takarda ya miƙo mini.

Goman ƙarshe ƙwarya ta fara rinjayar buhu. Albasa ta gama shiga rudu, rudu shida muka yi, aka lulluɓe. Da yamma in an kira salla mukan sha kunun tsamiya da ƙosai a rumfar nan, Baba ya dubi ƙwarya ya dubi buhu. Gwajin ƙarshe kafin Salla na samu ɗari biyu da arba'in da ɗaya. Saura tara, ga kwanaki sun ƙare. Ranar Salla kowa na cin tuwo da miyar kaza, ni ina rumfa ina zaro takardu daga buhu.

Mako guda bayan Salla na shiga ɗakin nan na Jega, ɗakin bara, har da warin fentinsa. Ban shigar da lambata daidai ba sai a karo na biyu. Tambaya ta fito, ba ta cikin buhu. Ta biyu ma haka. Na ji rangajin na son tasowa daga ƙuguna, na danne ƙafafuna a ƙasa. Na ce wa kaina, to, don me ba wannan ba, don me ba waccan ba. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya har lokaci ya cika. Da na fito ban san ko na ci ko na faɗi ba. Bara na fito da tabbacin na faɗi, amma rashin sanin ma bai kwantar mini da hankali ba.

Kwana uku bayan haka, da la'asar, hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, alhali ba a sa ran ruwa sai nan da wata guda. Iska ta riga shi isowa, ta yaye ciyawar rudu uku ta watsa cikin gonar maƙwabta. Muka fita da tabarmi da buhuna da ledoji, har Inna, har Yaya yana jan ƙafa cikin taɓo, amma ruwan ya riga mu. Ƙamshin ƙasar farkon ruwa da kowa ke so, ni ranar tsanarsa na yi. Albasar da ta sha ruwa ba ta jira. Washegari muka baza ta a rana, Baba ya bi ta yana matsawa da yatsa, ya ce kwana huɗu gare ta, in ta wuce haka sai juji. Ya je ya haɗa mota da mutanen Dangamaji da na Katanga waɗanda ruwan ya yi wa irin tamu. Jibi za a loda a Aliero.

Sakamako bai fito ba. Abokaina biyu nasu ya zo, ni na tura saƙon neman nawa ya fi sau goma, shiru. Ba wanda ya ce mini kai za ka, ba a bukatar a faɗa. Inna ta ɗauko jakar da Yaya ke tafiya da ita, ta wanke, ta zuba garin kwaki da ƙuli da dabino, ta sa bargo da gorar ruwa. Tana yi tana share ido da gefen zane, wai hayaƙi ne. Yaya ya koya mini inda ake zama a saman kaya, tsakiya ba gefe ba, da yadda ake naɗa igiya a hannu ba a ɗaure ta a ƙugu ba, don in mota ta tafi ka iya sakinta.

Ranar lodi tun safe muna Aliero, ni da Baba da Yaya. Rana ta dawo da zafinta kamar ba a taɓa ruwa ba, ƙasa na tururi, ko'ina warin albasa. 'Yan dako na jifa da buhuna, mota na ƙara tsawo, ni ina tsaye da jaka a kafaɗa ina jin fitsari duk bayan minti biyar. Wajen azahar aka ja igiyoyi aka ɗaure. Direba ya tada inji. Mutanen Dangamaji suka fara hawa.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Na ciro, rana ta hana ni ganin rubutun, sai da na shiga inuwar motar na kare da hannu. Ɗari biyu da sittin da uku. Na karanta sau uku, na duba sunan ko na wani ne. Na zauna a ƙasa daɓas kusa da taya.

Baba ya zo ya tsaya a kaina. Na miƙa masa wayar duk da ba ya karanta boko, na faɗa masa makin. Ya tambaya ko ya kai, na ce ya wuce. Ya ce alhamdu lillahi, sau ɗaya, a hankali. Sannan ya sunkuya ya zare jakar daga kafaɗata ya rataya a tasa.

Wallahi tallahi, wata biyar ina fama, ban taɓa tambayar kaina wa zai hau in na ci ba. Ko sau ɗaya. Na dubi Yaya Sanusi da ke jingine da sandarsa a gefen rumfar dillalai, na ga shi bai yi mamaki ba. Ashe su duka sun sani, har Inna da ta zuba dabinon da Baba ke so.

Na miƙe na ce ai karatun ba yanzu za a fara ba. Baba ya ce:

"In anka kira ka tantancewa kana can, wa za ya zamna maka? Tahi gida. Ka rufe sauran rudun da kyau, ruwa na dawowa."

Ya kama igiya. Mutum ne da ya haura sittin, gwiwarsa na damunsa ko a sujada. Ya taka taya, ya taka ƙarfen gefe, ƙafarsa ta zame, hularsa ta faɗo. Mutum biyu daga sama suka kamo hannuwansa suka ja shi kamar buhu. Na tsinci hular na jefa masa. Ya rarrafa zuwa tsakiyar kaya ya zauna, ya naɗa igiya a hannu.

Ya je ya dawo bayan kwana goma sha tara, ya rame, muryarsa ta dushe, kuma ya sake zuwa sau biyu kafin kawuna ya karɓi tafiyar. Bai taɓa yi mini gorin ta ba. Amma akwai abin da ban taɓa gaya masa ba. Lokacin da motar ta fara motsi na ce, "Baba, sauko, ni zan je." Na faɗa, Allah shaida ne. Sai dai na jira direba ya taka inji tukuna, ƙara ta cika wurin, kuma na san da irin muryar da na faɗa.